Tafiyar Laraba a Titin Ibrahim Taiwo

Idan na tashi daga aiki, Titin Ibrahim Taiwo nake bi a adaidaita sahu, muna kutsawa tsakanin 'yan dakon Kantin Kwari. Duk Laraba da yamma nakan ga wasu samari biyu suna takawa daga Fagge zuwa Sabon Gari.

Ɗayansu na taɓa jinyarsa. Maganin tari mai kodin ya kusa kai shi kabari. Da gwamnati ta haramta maganin a 2018 bai daina ba, tsada kawai ya ƙara masa.

Ranar da na tsaya muka gaisa, ya ce, "Sista, taron addu'a za mu a coci." Dokar taron ita ce babu mai zuwa shi kaɗai. Wanda ya daɗe da dainawa ke biya wa sabo har gida, domin hanyar cike take da tsoffin abokan shaye-shaye. Sau biyu ya koma ruwa, sau biyun abokin nan ya kwana a ƙofar ɗakinsa.

Mu a asibiti ƙarin ruwa muka yi masa, muka sallame shi, ba mu tambayi wa zai raka shi gida ba. Har yau abin yana damuna.