Kama da wane ba ta wane

Bayan rufe mahaƙar COMINAK a 2021, wani tsohon direba a Akokan ya zuba kuɗin sallamarsa a Hilux 'yar Turai, tamkar ta maƙwabcinsa. Sai dai a hanyar Agadez ƙarfinta yakan ragu.

Bambancin yana cikin kwamfutar injin. Tasa an tsara ta bisa dokar hayaƙi ta Turai, Euro 5, ta 2009: tana bukatar gazuwal mai ƙarancin farar wuta, kuma salansarta na da matatar baƙin hayaƙi. Idan matatar ta toshe, kwamfuta takan danne injin. Ta maƙwabcin, wadda aka daidaita da man nan, ba ta da matatar.

A birni wannan ɓacin rai ne kawai. A kilomita 240 na hamada kuwa, direba yakan fara ƙirga ruwan da ya rage a jarka.