Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Labarin Linzamin Wani Ƙaramin Jirgi a Badafi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1925, lokacin da jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, Bahaushe yake ɗaga kai yana kallon jirgin sama, kuma bai tsaya ga kallo kawai ba. Yaran ƙauye sun daɗe suna ƙera shi da totuwar kara da sille. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har labarinsa ya zaga duniya. Rundunar sojan sama ta Nijeriya kuwa, da ta ƙera jiragenta marasa matuƙi, sunayen Hausa ta raɗa musu, watau Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018.

To, amma duk wanda ya ji an ce wane ya ƙera jirgi, tambayar da yake fara yi ita ce: "Ya tashi?" Ba kasafai akan tambayi abin da ya riƙe gudunsa ba, balle abin da ya tsayar da shi. Wannan muƙala tana magana ne a kan wannan tambaya ta biyu, ta hanyar abin da ya sami wani ɗalibin kimiyya ɗan Badafi, a ƙaramar hukumar Kiru, a wani hutu na bayan kaka.

Jirgin Akala

Jirgin da saurayin ya ƙera ba irin wanda ake tuƙawa da rediyo ba ne. Irin wanda ake ɗaure wa zare biyu ne, mai shi ya tsaya a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, jirgin ya yi ta kewaya shi kamar akuya a turke. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya fara sayar da irinsa a 1940. Zaren biyu suna shiga ta fiffiken hagu su kama wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, shi kuma ƙarfen ya tura ko ya jawo marfin jelar jirgin. Idan aka karkato hannu sama, jirgi ya hau. Idan aka sunkuyar, ya sauko. Iyakar ikon mai tuƙi ke nan. Ba shi da hanyar ƙara gudu ko rage shi, ba shi kuma da hanyar kashe inji. Saboda haka duk abin da injin zai yi a sama, dole a gaya masa tun yana ƙasa.

Gangar jikin da farin kumfan da ake naɗe firiji ya yi ta, ya sa tukurwa ta zama ƙashin fiffike. Zaren kuwa saƙaƙƙe ne, wanda ba ya talewa, daga wajen masuntan Tiga ya samo shi, kowane ɗaya mita 15. Abin da ya ci kuɗi shi ne injin lantarki da batir da farfela da wata 'yar na'ura mai faɗin ashana, wadda aikinta daidaita gudun inji. Kuɗin waɗannan daga akuyar mahaifiyarsa suka fito, domin ita ta sayar da ita ba tare da ta nemi bayani ba.

Ita wannan na'ura umarni take jira daga rediyo. Tun da babu rediyo, sai ya sami ƙaramin allon lantarki na Arduino ya rubuta masa tsari, ya mai da shi agogo mai ba da umarni uku: jira, tashi, tsaya.

Sifiri Uku

Ya yi nufin agogon ya jira sakan 30 kafin ya tayar da inji, domin ya sami sukunin tafiya daga wurin jirgin zuwa tsakiyar fili. Sai ya rubuta 30. Abin da ya sha'afa shi ne, allon ba da sakan yake ƙidaya ba, da kashi ɗaya cikin dubu na sakan yake yi. Watau 30,000 ya kamata ya rubuta.

Da yamma a zauren gidansu ya ce wa ƙanensa, yaro ɗan shekara goma, ya riƙe masa jirgin. Yaron ya riƙe ta wajen hanci. Ya jona batir, na'urar ta yi 'yan ƙararrakinta na gaisuwa, kafin ya ɗago kai farfela ta ɗauka da dukkan ƙarfinta. Farfelar da take juyawa wajen sau 150 a sakan ɗaya ba ta da bambanci da aska. Yaron bai yi kuka ba sai da ya ga jini. Ɗinki huɗu aka yi masa a manuniya, kuma a kan babur ɗin da ya kai su asibiti abin da yake ta faɗa shi ne: "Yaya, ba ni na taɓa ba."

Mahaifinsu bai ce wa saurayin kome ba, domin ɗan fari ne, akwai alkunya a tsakaninsu, ko sunansa ba ya faɗa. Sai ya aika wa ƙanin matarsa, mai injin niƙa a bakin kasuwa, ya ce: "Ka gaya wa wancan yaron, kada in sake ganin abin nan a gidana."

A Ɗakin Injin Kawu

Saurayin ya ɗauki jirgin a cikin buhu ya kai ɗakin niƙa, ya durƙusa ya gai da kawunsa. Dattijon bai yi boko ba, amma ya fi shekara talatin yana kwance injin dizal yana mayarwa. Ya jujjuya 'yar na'urar a tafin hannunsa, sa'an nan ya ce: "To, ɗan nan, mene ne aikin wannan?"

Saurayin ya fara bayani, kalma uku Turanci, ɗaya Hausa. Kawu ya ɗaga masa hannu. "Da Hausa za ka gaya mini. In ka iya gaya mini na gane, zan je in roƙar maka babanka. In ba ka iya ba, kai ma ba ka san abin da ka ɗora wa ƙanenka a hannu ba."

Kwana uku ya yi yana neman kalmomi. A nan ne ya gane cewa akwai wuraren da ya haddace suna kawai, bai san aiki ba. Da ya dawo sai ya ce: injin yana da naɗin wayar jan ƙarfe kashi uku a tsakiya, maganaɗisu kuma yana kewaye da su. Na'urar tana ba kashi-kashin wuta bi da bi, kamar mata uku masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In bugun ya yi daidai, maganaɗisu ya bi, farfela ta juya. Yawan wutar da take bari ta wuce shi ne yawan gudu.

Kawu ya yi murmushi ya ce: "Ashe linzami ne. Batir shi ne doki, zaren nan akala, kai kuma turke. Ka hau ingarma ba ka duba linzami ba."

Daga ranar sunan ya zauna, kuma da shi suka yi sauran aikin.

Ɗaura Linzami

Sharaɗin farko Kawu ne ya gindaya shi: a cire farfela a sa a aljihunsa, ba zai bayar ba sai an gama. Masu wannan sana'a a ko'ina haka suke yi, sai dai shi bai karanta a littafi ba, bel ɗin injin niƙa ne ya koya masa.

Da farko suka duba inda injin yake juyawa, suka tarar baya yake yi. Wayoyi uku ne suka haɗa shi da linzami, kuma musanya kowaɗanne biyu daga cikinsu yana juya shi. Aka musanya, ya daidaita.

Na biyu, aka koya wa linzami iyakokinsa. Agogon yana aika masa ɗan bugun wuta sau 50 a kowane sakan. Idan tsawon bugun kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, ma'anarsa "tsaya"; idan kashi biyu ne, ma'anarsa "saki duka"; abin da yake tsakani kuwa gudu ne gwargwado. Sai a jona batir agogo yana aika mafi tsawo, linzami ya yi ƙara, sa'an nan a aika mafi gajarta, ya sake ƙara, alamar ya riƙe.

Na uku, kare batir. Batirin ɗaki uku gare shi, kowane ɗaki yana cika a bolt 4.2, kuma idan aka zuƙe shi ya sauka ƙasa da bolt 3 ya lalace, yana iya kumbura, har ya kama da wuta. Aka saita linzami ya yanke wuta kafin a kai nan, amma aka tsara agogo yadda zai tsayar da inji tun da sauran kashi ɗaya cikin biyar na cajin. Kawu ya ce shi ma ba ya barin tanki ya ƙafe, domin in inji ya sha iska, wahala ce.

Na huɗu, birki, watau idan wuta ta yanke farfela ta tsaya cak, kada ta ci gaba da juyawa ta daki ƙasa ta karye.

Na biyar shi ne zaɓen gudu, kuma nan ne lissafi ya shigo. Zare mita 15, da hannu da fiffike, ya zama mita 16 daga turke zuwa jirgi, kewayen fili ke nan wajen mita 100. Idan jirgi yana gama kewaye a sakan 5, gudunsa kilomita 72 ne a awa. Jirgin gram 700 a wannan gudu yana jan hannu da nauyin da ya kusa kilo 2. In gudu ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu, zare na iya tsinkewa. In kuma gudu ya yi ƙasa, akala ta saki, jirgin ya daina jin hannu, iska ta turo shi kan mai shi. Wannan ne ya sa raguwar gudu a irin wannan jirgi take da haɗari kamar yawansa.

Sai ga wata matsala: batir yana raguwa, gudu yana raguwa tare da shi. Da ya bayyana wa Kawu, sai dattijon ya buɗe murfin injinsa ya nuna masa gwamna, watau wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da suke juyawa tare da inji. In an zuba masara inji ya ji nauyi ya lafa, sai su matso ciki su ƙara mai. In ya yi sauƙi ya zabura, su buɗe su rage. Dabara ce tsohuwa, James Watt ya sa ta a injin tururi tun 1788. Linzamai masu tsada suna da irin wannan gwamna a cikinsu, amma nasa mai araha ne. Sai ya rubuta wa agogo ya riƙa ƙara umarni kaɗan-kaɗan yayin da lokaci yake tafiya, domin ya cike gurbin abin da batir ya rasa.

A ƙarshe ya koma kan kuskurensa. Ya rubuta 30,000, ya karanta wa Kawu sifirin ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara maɓalli, yadda agogo ba zai fara ƙidaya ba sai an danna. Ya sa 'yar fitila mai ƙiftawa kafin tashi, ya kuma sa injin ya hau gudu a hankali cikin sakan 3. Sau ashirin suka gwada babu farfela, Kawu yana duban agogon hannunsa. Sai a na ashirin ɗin ya sa hannu a aljihu.

Da dare dattijon ya je wurin surukinsa. Abin da ya roƙo minti ɗaya ne kacal.

Ranar Tashi

Da sanyin safiya, kafin iskar hunturu ta taso, suka fita wata gona da aka gama girbe dawarta, nesa da wayar lantarki da bishiyoyi. Aka share wurin gudu, aka kore yara bayan kunya ta ƙarshe. Kawu ya yi niyyar riƙe jirgin da kansa, sai ƙaramin ya matso da yatsansa mai tabo ya ce: "Kawu, ni zan riƙe." Aka nuna masa ya riƙe ta jela.

Saurayin ya danna maɓalli, ya taka zuwa tsakiya, ya ɗauki mariƙi, ya gwada sama da ƙasa. Bai taɓa jin tsawon sakan 30 kamar na ranar ba. Fitila ta ƙifta, inji ya fara gunji ya hau. Ya gyaɗa kai, yaro ya saki.

Jirgin ya yi gudu 'yan taku ya rabu da ƙasa. Akala ta miƙe, ya ji ja a hannunsa kamar na ɗan maraƙi. Bai yi wata bajinta ba, ya riƙe shi daidai tsayin katanga, yana juyawa tare da shi, jiri yana ɗibarsa. A kewaye na goma sha biyu inji ya yi shiru, farfela ta tsaya. Jirgin ya sulalo ya zauna a kan ƙura, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe.

Can gindin wata ɗorawa mahaifinsu yana tsaye, kamar mai duba gona. Bai matso ba. Da Kawu ya je wurinsa, bai tambayi nisan da jirgin ya yi a sama ba. Cewa ya yi: "Minti ɗaya ya ce. Minti ɗayan ya yi?" Kawu ya nuna masa agogo. Sai ya kaɗa kai ya ce a gaya wa yaron ya ajiye abin a ɗakin niƙa, ya riƙa ɗauka da izinin kawunsa.

Kammalawa

Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne, kalmomin linzami da akala da turke ba a zauren taro aka ƙirƙiro su ba. Suna nan tun zamanin doki da raƙumi, buƙata ce kawai ta ɗora su a kan sabon abu, suka kuma zauna daram domin aikin iri ɗaya ne. Haka kuma neman su ne ya tilasta wa saurayin ya san na'urarsa ciki da waje, abin da haddar sunayen Turanci ba ta ba shi ba. Har yanzu yana bin mahaifiyarsa bayani, ita kuma tana bin sa akuya. Ƙanensa kuwa ya fara koyon riƙe mariƙi, kuma duk wanda ya matso kusa da jirgin, yatsan yake fara nuna masa.