Inji a Rataye

Ƙarar ta fara ne a kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa: wata ƙwanƙwasa ƙasa-ƙasa daga cikin inji, in an taka totur ta ƙaru, in an saki ta lafa. Mai motar tsohon malamin makaranta ne, bai san kanikanci ba. Abin da ya sani shi ne motar nan ke kai mai ɗakinsa asibiti duk wata, kuma ba shi da kuɗin sayen wata. BMW ce ta jerin E46, irin wadda aka fara sayarwa a 1998, ta shigo ta Kwatano bayan ta tsufa a Turai. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya shekara huɗu yana koyon gyaran mota, ya kara kunne jikin inji, ya ce kusine ne suka cinye.

Kusine kalma ce da aka aro daga Faransanci. A Kano kanikawa sukan ce mital. Wasu ƴan ƙarafa ne masu siffar jinjirin wata, biyu-biyu suke rungumar babbar sandar da ke juyawa a gindin inji, daidai inda hannun fistan ya kama ta. Injin mai silinda shida ne, don haka guda 12 ake bukata. Ratar da ke tsakaninsu da sandar ba ta kai kaurin gashin kai ba, baƙin mai ne ke cika ta, ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. In ratar ta buɗe sai ƙwanƙwasa ta biyo baya, in kuwa aka yi biris, hannun fistan kan iya fasa jikin inji ya leƙo waje.

Suka yanke shawarar yin aikin a gida, ƙarƙashin rumfar kwano. A nan wahalar ta bayyana. Ba a isa ga kusine sai an cire kaskon baƙin mai, kaskon kuwa a wannan mota ba ya fita sai an sauke gadon ƙarfen da ya gitta ƙarƙashinsa, wanda shi ne ke ɗauke da injin. Ke nan mai gyara zai janye mazaunin abin da ya haura kilo 150, sa'an nan ya kwanta rigingine a ƙarƙashinsa. Tokarewa da jak daga ƙasa ba za ta yiwu ba, domin wurin da za a tokara shi ne kaskon da za a cire.

Yaron ya ce, "Kawu, a garaji igiya muke ɗaurawa a reshen itace, ko mu saƙala kututture. Ban taɓa ganin ya faɗo ba."

Malamin ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Uwarka ta aiko mini kai da hannu biyu da ƙirji lafiyayye. Haka zan mayar mata."

Aka je wurin mai walda. Ya yanka bututun ƙarfe mai kauri daidai faɗin motar, ya yi masa ƙafafu biyu da za su zauna a leɓen ciki na gefen mota, dama da hagu, aka shimfiɗa musu robar tsohuwar taya. Ya huda tsakiya ya zura dogon kusa mai zare da noti, ya lanƙwasa rodi ya yi ƙugiya a ƙarshensa. Masu ƙera injin sun bar masa kunnen ƙarfe a gaba domin ɗagawa, nan aka saƙala sarƙa. Bayansa kuwa yana haɗe da akwatin giya, wanda ke da nasa mazauni. Motar kanta aka ɗora ta a kan dirkokin ƙarfe, aka sa wa tayoyin baya waigi. Yaron ya kawo bulon siminti, malamin ya ce a mayar, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje.

Aka kwance kusoshin robobin da injin ke zaune a kai, aka juya noti har ya ɗagu kaurin ɗan yatsa. Yaron ya ɗauki sifana zai shiga, kawun ya hana. Ya ɗauko guntun alli, abin da bai taɓa rabuwa da aljihunsa ba, ya ja layi jikin injin da jikin motar, ya ce a bar shi ya kwana, gadon yana nan ƙarƙashinsa. Yaron ya ga ɓata lokaci ne, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare, don a garajin kasuwa babu mai biyan kuɗin jira.

Da gari ya waye layin biyu sun saɓa. Ƙugiyar rodin ta buɗe baki a hankali cikin dare, injin ya koma ya zauna a kan robobinsa. Yaron ya tsuguna ya dube ta, bai ce uffan ba. Shi da kansa ya koma kasuwa ya sayo zoben ƙarfe rufaffe mai kusa, ya kuma ƙara sarƙa ta biyu sako-sako, wadda za ta cafe in ta farko ta ci amana. Daren biyu layin bai motsa ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Aka raba sandar sitiyari, aka sauke gado, aka cire kasko. Lokacin buji ne, don haka duk abin da aka buɗe sai a lulluɓe shi da tsumma mai tsabta. Kowane murfi aka yi masa alama, domin ya koma gurbinsa yana fuskantar inda ya fuskanta. Kusine na huɗu ya goge har jan ƙarfe ya fito, amma da yaron ya bi sandar da farce ya ji ta sumul. Da ta karce, sai an sauke injin ɗungurungum. Ya shafa wa sababbin mai, ya sa sababbin kusoshi, tun da irin waɗannan miƙewa suke in an ɗaure su: awo 20 na niyutan-mita, sa'an nan a ƙara juyi na digiri 70.

Duk tsawon yinin malamin na zaune a kan kujera ƴar tsuguno, bai leƙa ƙasa ba ko sau ɗaya, sarƙar yake kallo. Bayan la'asar ta rana ta huɗu aka mayar da gado, aka sassauta noti, injin ya zauna. Yaron ya zuba sabon mai ya murza makulli, jar fitilar mai ta mutu, suka tsaya suna saurare. Mai ɗakin malamin ta leƙo daga ƙofa ta tambaya ko Talata za a iya tafiya. Yaron ya ce za a iya, amma a hankali, kuma shi zai tuƙa.