Nawa Za a Taya Tsohuwarmu?

Yau hirar tsohuwar mota za mu yi, wannan dai da ke fake a ƙofar gida, wadda muka san tarinta na safe kamar yadda muka san muryar yaranmu. Ai duk cikinmu babu wanda bai taɓa tsayawa ya ƙare mata kallo ya ce a ransa, wai yanzu nawa za a taya ta ba. Sai kuma 'yar kunya ta kama mutum ya shafa bayanta ya wuce, hahaha.

A da lissafin a fili yake. Sabuwar mota tana zubar da daraja da gudu a shekarunta na farko, daga nan saukar ta riƙa sassautawa, in ta haura shekara goma sha wani abu sai kuɗin ya kusan tsayawa wuri guda. Mu da muke sayen 'yar Kwatano, wani can a Amurka ko Beljiyam ya riga ya sha ɗacin asarar, mu muka tsinci ragowar, alhamdu lillahi.

Sai ga 2023 ta zo ta birkita mana lissafi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kwastam kuwa dala yake bi, ga shi tun Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Da ta waje ta fi ƙarfin aljihu, sai kowa ya juyo kan ta gida. Kwatsam ka ji dillali ya taya motarka da abin da ya fi wanda ka biya shekarun baya. Wayyo daɗi! Ranar har tafiyar mutum sai ta canza. Amma ku bari a je neman madadinta, a nan jiki ke sanyi, don kuɗin nan ko irinta ba za su sayo ba, balle wadda ta fi ta. Ashe naira ce ta rame, ita kuwa baiwar Allah tsufanta take ta yi a hankali, kai, duniya.

Abin da ke riƙe darajar tsohuwar mota, aminaina, sauƙin zama da ita ne. Shi ya sa Corolla ba ta kwantai, kuma 'yar Vibe ma ta ci albarkacin injin Toyota da ke cikinta. Fijo 406 har yau tana da masoya a Arewa, don tun 1975 da aka fara haɗa Fijo a Kaduna hannun makanikanmu ya saba da gidan, kayan gyara kuma ga su nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka. Mai silinda shida fa? Tun da mai ya yi tsada, mai saye na jin haka zai ja da baya, ko da kujerunta na fata ne masu laushi, ai kam sai haƙuri.

To, ranar ciniki ita ce ranar bugun zuciya. Mai saye ya zo da makanikensa, a ƙwanƙwasa jikinta a ji ko fentin asali ne, a tambaya ko an taɓa sauke inji, a saurari yadda giya ke shiga, a kunna sanyi, a duba takardun kwastam. Kilomitar da ke rubuce kam ba mai yarda da ita, kowa ya san ana mayar da ita baya. Kowane aibu suka ambata sai ka ji har cikin ranka, ka ce, "Malam, ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba." Shi kuwa dillali yana gefe yana lissafin la'adarsa, yana cewa, "Alhaji, a sallama mana."

Kuma kun lura, ranar da aka wanke ta tsaf don a nuna wa mai saye, ranar ce take tashi da murɗa makulli ɗaya, ba gardama ba hayaƙi? Sai ka ji bakinka ya ce "albarka", ka dawo da ita gida kana murmushi, wai a bari sai bayan Sallah, hahaha!