Kwanon Maƙwabciya a Bakin Gulbin Rima

Zumunci ne ya kai ni Wurno wajen gwaggona, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837. Fadama shar da shinkafa da albasa, amma wallahi akwai gidajen da ake wuni ba a ɗora tukunya ba.

Da magariba na ga Gwaggo ta jera kwanon tuwo biyar, alhali mu uku ne.

"Gwaggo, baƙi za mu yi?"

"A'a ɗiyata, na 'yan gudun hijira ne. Kowace mace a unguwar nan da ɗakin da take ciyarwa."

Jikina ya yi sanyi. Washegari a ƙasar Rabah, mahaifar Sardauna, na ga Gandi, inda mutanen Tabanni suka fake bayan harin 'yan bindiga a 2018. A Goronyo kuwa, har yau ana zancen ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da rumbuna. Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar tana rabon hatsi, amma kafin buhu ya iso, kwanon maƙwabciya ne ke riƙe marayu.

To 'yar'uwa, ke wa kika zuba wa daren jiya?