Daga Bacirawa zuwa Jidda ta sama

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kusan kilomita 3,400 idan aka ja layi miƙe a taswira, jirgin alhazai kuwa kan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ga mutumin Bacirawa, a ƙaramar hukumar Ungogo, tafiyar a bakin gida take farawa, domin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba nisa. Mai noman gero ya saba ɗaga kai daga kan fartanya ya ga jirgi yana sauke ƙafafu.

Kusancin bai rage jira ba. A sansanin alhazai ake yini, a kwana, ana kiran suna, ana auna jaka, ana raba fasfo. Rukuninmu an kira shi bayan isha'i, amma sai gab da asuba muka hau matakala, dattawa na riƙe da jakar guzuri a ƙirji.

Jirgi na tashi sai ya miƙa gabas yana karkata arewa, ta saman Borno da Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Kusan hanyar da kakanni suka bi a ƙasa ke nan: Borno, Wadai, Darfur, Kordofan, har gaɓar teku a Sawakin. Su sukan yi shekaru, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri, da yawa kuma a Sudan suka zauna, jikokinsu suna can har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a Nuwamba 1925, na sojan Ingila, daga Masar suka zo ta wannan zirin.

Layin miƙe ba kullum yake samuwa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin mai ma haka.

Agogo shi ne abin da ya fi rikita sabon matafiyi. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka jirgin da ya tashi ƙarfe goma na safe ya yi awa biyar a sama, biyar na yamma zai sauka. Mai lissafin salla da agogon gida la'asar na iya kuɓuce masa. Wanda kuma zai wuce Makka kai tsaye gara ya ɗaura harami tun a Kano, ya jira sanarwar miƙati ya yi niyya, don tuɓe kaya tsakanin kujeru wahala ce. Waɗanda aka fara kaiwa Madina kuwa sai sun zo miƙatin Zul Hulaifa suke ɗaura harami.

Daga tashar alhazai ta Jidda, mai rufi kamar tantuna, wadda aka buɗe a 1981, saura kusan kilomita 100 zuwa Makka a mota.