Bukavu bayan tafiyar masu shuɗin hula

Na isa Bukavu ta ruwa, a jirgin da ke tasowa daga Goma ya ratsa tafkin Kivu, 'yan watanni bayan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun rufe ofishinsu na birnin a watan Yunin 2024. Gari ne da ya hau tsaunuka ya leƙa ruwa, ƙasarsa ja, sanyinsa kamar na Jos. Fararen motocin nan masu baƙin rubutu da na baro suna kai da kawowa a Goma, a nan babu ko ɗaya. Kudancin Kivu, inda Bukavu take, shi ne lardin farko da rundunar tasu, MONUSCO, ta fice daga cikinsa a sabon shirin janyewarta, kuma kowa ya zuba ido ya ga abin da zai biyo baya.

Rundunar ta daɗe a Kwango. An kafa ta a 1999 da sunan MONUC, aka sauya mata suna a 2010, kuma an yi shekaru da dama kuɗin da ake kashe mata a shekara yana haura dala biliyan ɗaya. Duk da haka ƙungiyoyin 'yan bindiga a gabashin ƙasar sun fi ɗari. Wani ɗan acaɓa da ya kai ni kasuwar Kadutu ya ce tun yana goye yake ganin sojojin, yau ga shi da 'ya'ya, har yanzu bai iya zuwa ƙauyensu da dare ba. Fushinsa na gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. A Yulin 2022 jama'a sun far wa sansanonin rundunar a Goma da Butembo, aka rasa rayuka fiye da talatin. A ƙarshen Agustan 2023 kuma sojojin Kwango suka buɗe wuta a Goma kan masu shirin zanga-zangar ƙin jinin rundunar, mutane sama da hamsin suka mutu.

Da wannan zafin Shugaba Félix Tshisekedi ya je zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2023, ya nemi a fara janyewar a Disambar shekarar maimakon a jira Disambar 2024 kamar yadda aka tsara. Zaɓe na tafe masa a wannan Disambar, kuma babu maganar da ta fi wannan daɗi a kunnen mutanen gabas. A Kwamitin Sulhu an ja zare. Amurka ta nuna damuwa kan wanda zai kare fararen hula idan aka yi gaggawa, wasu ƙasashen kuma suka dage cewa mai gida shi ke da ta cewa. Kuduri mai lamba 2717 ya raba gardama da cewa a janye mataki-mataki, a fara da Kudancin Kivu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kamanyola, wani gari a kwarin Ruzizi, dab da iyakar Ruwanda da Burundi. Nan ne sansanin farko da aka miƙa, ranar 28 ga Fabrairun 2024, lokacin da sojojin Pakistan suka damƙa shi ga 'yan sandan Kwango a gaban shugabar rundunar ta lokacin, Bintou Keita. An yi bikin, an sauke tuta an ɗaga tuta. Mutanen garin da na zanta da su ba bikin suke tunawa ba. Wata dattijuwa mai sayar da rogo, wadda kowa ke ce wa Mama, ta faɗa mini ta bakin tafinta cewa 'yan sandan da aka kawo sun iso babu isasshen abinci, babu man mota, har wasunsu suka koma neman na kai wurin talakawan da aka turo su karewa. Ba ta roƙi sojojin waje su dawo ba. Tambayarta ita ce me ya hana a tanadi abin da zai maye gurbinsu kafin a sallame su. Na juya tambayar nan a raina har muka koma Bukavu, ban ga inda ta yi kuskure ba.

Gwamnatin Kinshasa da kanta ta sassauta murya. A Yulin 2024 ministar harkokin wajenta, Thérèse Kayikwamba Wagner, ta bayyana cewa janyewa daga Arewacin Kivu sai ta dakata muddin sojojin Ruwanda na cikin ƙasar suna mara wa 'yan tawayen M23 baya. Wanda ya nemi a hanzarta a Satumba shi ne ya nemi a jinkirta cikin ƙasa da shekara guda. A Disambar 2024 aka sake tsawaita wa'adin rundunar.

Masu cewa zaman dakarun ba ya hana komai suna da hujja mai nauyi, domin M23 ta shiga Goma a ƙarshen Janairun 2025 alhali rundunar na nan a garin. Bukavu ta bi baya a tsakiyar Fabrairu. Amma a lardin Ituri, dubban 'yan gudun hijira sun kafa bukkoki a kewayen sansanin Rhoe da ke yankin Djugu, saboda 'yan bindigar CODECO na shakkar kusantar wurin. Duk ranar da aka kwashe sojojin wurin, mutanen nan ba su da wata katanga. Mun kuma ga yadda aka yi a Mali, inda aka ba rundunar MINUSMA wata shida ta tattara a 2023, ayarin da ya baro Kidal ya yi ta taka nakiyoyi a hanyar Gao.

Dakarun nan dole wata rana su tafi, kuma mutanen Kwango sun yi gaskiya da suka gaji da jira. Sai dai ranar tafiyar ba a ofisoshin New York ko a dandalin yaƙin neman zaɓe ya kamata a yanke ta ba. A bi sansani ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar ɗan sandan da zai karɓa yana da albashi da mota da na'urar sadarwa, a kuma tambayi mutanen da ke kwana a bakin shingen. Sansanin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, kada a sauke tutarsa.